Marubucin waƙar da kasuwa ba ta san shi ba: ta ina ake gane darajarsa?

Tambayarka a taƙaice ita ce: ka ci karo da wani marubucin waƙa da kusan ba wanda ya san shi, waƙoƙinsa sun kama zuciyarka, kuma ka ji ana cewa shi fasahar ce a gabansa, ba ruwansa da kasuwa. Abokanka kuwa sun ce wannan maganar wanda ya kasa ce, da yana da abin kirki da tuni duniya ta ji shi. Kana son sanin ko akwai yadda za a bambance wanda ya zaɓi fasaha da wanda kasuwa ta ƙi don bai iya ba, da kuma yadda ake sauraron irin wannan mutum har a ba shi haƙƙinsa.

Ƙanena, na daɗe ina aikin ɗaukar sauti da tace shi a sutudiyo, kuma zan fara da ba abokanka rabin gaskiyarsu. Waƙoƙin da suka bi ta hannuna ba su sayu ba suna da yawa, kuma mafi yawansu abin da ya hana su sayuwa shi ne ba su ƙarasa nuna ba. Rashin ciniki ba ya zama shaidar gwaninta. Amma akwai shaida ta gaske, tana cikin waƙar kanta. Kowace waƙa tana da mararraba, wurin da hanya ɗaya ta nufi abin da zai sayu, ɗaya kuma ta nufi abin da waƙar ke buƙata. Idan kunnenka ya saba, za ka ji wadda marubucin ya bi, kuma za ka ji ko ya san abin da ya bari ko kuwa bai ma lura da mararrabar ba. Wanda bai iya ba ba ya ganin ta. Wanda ya zaɓa yana ganin ta sarai.

Bari in nuna maka da mutumin da na fi sanin aikinsa a cikin irin waɗannan, Townes Van Zandt. An haife shi a 1944 a Fort Worth, jihar Texas ta Amurka, a gidan da ke da suna da dukiya. Akwai ƙaramar hukuma guda a Texas da ke ɗauke da sunan kakan kakanninsa, mahaifinsa kuma lauya ne. Shi ma ya fara karatun share fagen aikin lauya a Houston kafin ya ajiye ya rungumi jita. Na kawo wannan ne don ka san talaucin da ya zauna a ciki daga baya ba gado ya yi ba. Yana da ƙofar komawa, bai koma ba.

A 1968 ya fitar da kundinsa na farko, wanda aka ɗauka a yankin Nashville, kuma sunan kundin ma, For the Sake of the Song, ma'anarsa ita ce saboda waƙar kanta. Sai dai masu shirya kundin sun lulluɓe waƙoƙin da 'yan amshi da tarin kayan kiɗa da amsa-kuwwa, irin yadda ake yi wa duk waƙar da ake so gidan rediyo ya karɓa a zamanin. Ba su yi da mugunta ba, abin da suka sani ke nan. Shi kuwa bai gamsu ba. A kundinsa na uku, a 1969, sai ya sake ɗaukar huɗu daga cikin waƙoƙin nan, ya cire musu rigar aron, ya bar murya da jita da ɗan abin da ba za a rasa ba. Ta fuskar ciniki wannan asara ce tsagwaronta: ka ɓata wuri a sabon faifai da waƙoƙin da ka riga ka sayar, kuma ka maido su a sigar da rediyo ba ta so. Nemi sigogin biyu ka saurare su a jere. A ta farko kana jin kiɗa yana gaya maka inda za ka ji tausayi. A ta biyu babu mai gaya maka komai, kalmar ce ke tsaye ita kaɗai, kuma ta ishe ka. Ban san darasin da ya fi wannan saurin buɗe kunne ba.

Waƙarsa da aka fi sani, Pancho and Lefty, ta fito a 1972. Labarin mutum biyu ne: ɗaya ɗan fashi ne da aka kashe a hamadar Meziko, ɗayan kuma ya tsufa a wani otal mai arha a Cleveland. Duk mai sauraro yana fita da zargin cewa na biyun ne ya sayar da na farkon, amma ka bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, babu ɗangon da ya faɗi haka ƙarara. An dai ce ranar da aka kashe ɗan fashin, ɗayan ya bar gari da kuɗin da ba wanda ya san inda ya samo. Marubucin kasuwa da ya faɗa, domin yana tsoron kada a rasa gane shi. Sannan ka lura da baitin farko: ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ana magana ne da wani "kai" da ba a bayyana ko wane ne ba. Ka kuma lura da amshin. 'Yan sandan da ke alfaharin cewa da sun so kama ɗan fashin da tuni sun kama, duk dawowar amshin sai kalma ɗaya ko biyu ta sauya, har a ƙarshe su zama 'yan tsiraru masu furfura, suna nan suna maimaita tsohon alfaharinsu. Shekaru da dama sun wuce a cikin kalma biyu. A ƙarshe kuma mai ba da labarin ya roƙa wa wanda ake zargi addu'a kamar yadda aka roƙa wa mamacin. Mutumin da ya iya wannan ya iya rubuta waƙar soyayya mai amshi huɗu da za ta cika gidan rawa, ba ko shakka.

Waƙar ba ta yi kasuwa a bakinsa ba. Emmylou Harris ta rera ta a 1977, sannan a 1983 Willie Nelson da Merle Haggard suka kai ta mataki na ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri, wato salon kiɗan karkara na Amurka. Kafin nan, a 1981, wata waƙarsa mai suna If I Needed You ta hau kusa da ƙoli a bakin Emmylou Harris da Don Williams. Ga amsa ta farko ga abokanka: waƙar da suka ce da tana da kyau da an ji ta, shekara 11 ta yi tana jiran bakin da rediyo ta sani. Kalmomin ba su canza ba, mai ɗauke da su ne ya canza. Wannan yana ɗaya daga cikin alamomin da nake dubawa: shin 'yan'uwansa masu sana'ar suna aron waƙoƙinsa? Mawaƙi ba ya ɓata wuri a faifansa don tausayin wani. Idan ka ga gwanaye suna komawa rijiyar mutum ɗaya suna ɗiba, to akwai ruwa.

A nan ya kamata ka fahimci yadda kuɗin ke tafiya, don mutane da yawa suna hukunci ba tare da sanin wannan ba. Kowace waƙa da aka ɗauka tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na rubutun da raujin, da na sautin da aka naɗa. Na biyun galibi yana hannun kamfanin da ya biya kuɗin sutudiyo. Na farkon kuwa marubuci kan raba shi da kamfanin da ke kula masa da waƙoƙi. A Amurka, daga 1909 har ƙarshen 1977, kason da doka ta tsayar wa rubutun waƙa a kan kowane faifai da aka sayar santi 2 ne kacal, kusan shekara 70 bai motsa ba. Yi lissafi da kanka: kundi mai waƙa 10 ya sayar da kwafi 5,000, abin da ya taru dala 1,000 ne, kafin a raba. Saboda haka marubuci a wancan zamani ba ya rayuwa da faifansa sai dai in wani babban suna ya ɗauki waƙarsa ko rediyo ta yi ta juya ta. Duk wanda ya ƙi lanƙwasa waƙa don rediyo ya san kuɗin da ya ƙi, har adadinsa.

Yau kiɗa ya canza, rawa ma ta canza, amma matsin yana nan. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify ba a ƙidaya sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, sautinta ba ya samun kaso. Wannan ya sa ake matsa wa marubuta su jefo amshi tun farkon waƙa, su yanke gabatarwa, su gajarta komai. Na ga wannan da idona. Wata baiwar Allah ta zo ɗaukar waƙa mai baiti huɗu, tana magana a kan mahaifinta da ya fara mantuwa. Wakilin kamfanin da zai biya kuɗin aikin yana zaune a bayana, yana duba agogon na'ura. Da aka gama ɗauka ta farko ya ce amshin ya makara, a dawo da shi daƙiƙa ta ashirin, a kuma cire baiti na huɗu, waƙar ta yi tsawo. Ta cire na'urar kunne ta riƙe a hannu, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce masa cikin ladabi: "Yallaɓai, baiti na huɗun ne dalilin ukun farko. A nan ne ya kira ni da sunan mahaifiyarsa." Ta yarda aka rage gabatarwar jita, ta yarda aka ƙara saurin kiɗan kaɗan, baitin kuwa ta hana a taɓa. Kamfanin ya janye, ita ta biya sauran awannin daga aljihunta. Abin da nake so ka gani shi ne ta yarda da gyara biyu ta ƙi ɗaya. Mai taurin kai kawai yana ƙin komai. Mai fasaha ya san wace ƙusa ce ke riƙe da rufin.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara, domin masoya irin waɗannan marubuta sukan faɗa wani rami. Sukan mayar da wahalar mutum ado. Van Zandt ya yi fama da taɓin hankali tun yana saurayi, an yi masa wani magani na girgiza jiki da allurar insulin a asibiti wanda ya shafe masa yawancin tunanin ƙuruciyarsa, kuma giya da ƙwaya sun ci rabin ƙarfinsa. Ya rubuta mafi yawan manyan waƙoƙinsa kafin ya kai shekara 30, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1997 yana da 52. Giyar ba ta rubuta masa ko ɗango ɗaya ba, ta dai cinye waɗanda da zai rubuta, ta kuma wahalar da iyalinsa. Wani ɓangare na rashin shahararsa zaɓi ne, wani ɓangare ciwo ne, wani kuma rashin sa'ar kamfanoni ƙanana da ba su da ƙarfin kai faifai kanti. Mai ƙaunarsa da gaske ya kamata ya iya rarrabe ukun nan.

Rami na biyu shi ne zaton cewa wanda ya fifita fasaha ba ya son a ji shi. Dubi Nick Drake na Ingila. Kundi uku ya yi wa kamfanin Island tsakanin 1969 da 1972, kowanne bai kai kwafi 5,000 ba a fitowarsa ta farko. Yana ɗaure tsirkiyoyin jitarsa a saiti daban-daban da ya ƙirƙira, kusan kowace waƙa da nata, don haka a dandali sai ya tsaya yana sake saiti tsakanin waƙa da waƙa, jama'a na ta hira, shi kuma mai tsananin kunya ne, ba ya iya cike gurbin da zance. A 1970 ya daina fitowa. Kundinsa na ƙarshe, Pink Moon, a dare biyu aka ɗauke shi, shi da injiniya John Wood kaɗai, murya da jita, sai ɗan fiyano a waƙa ɗaya, tsawonsa duka wajen minti 28. Ya ce kada a ƙara komai. Amma rashin masu sauraro ya ci masa rai ƙwarai. Joe Boyd, wanda ya shirya masa kundi biyu na farko, ya ba da labarin yadda Drake ya tare shi cikin ɓacin rai yana tambayar dalilin da ya sa ake ta kiransa haziƙi alhali ba shi da komai. Drake ya rasu a 1974 yana da shekara 26. A 1999 kamfanin motar Volkswagen ya sa waƙar Pink Moon a talla, faifan ya shiga sayuwa yadda bai taɓa yi ba. Abu ɗaya ne ya sa aka same shi a kanti a lokacin: da Boyd zai sayar wa Island kamfaninsa, ya sa sharaɗin kada a taɓa daina buga faifan Drake. Drake yana son kunnuwa kamar kowane marubuci. Abin da ya ƙi shi ne ya saye su da waƙar da ba tasa ba.

Labarin Sixto Rodriguez na Detroit ya fi sanuwa, don haka ba zan daɗe a kai ba. Kundi biyu, 1970 da 1971, ba su sayu a Amurka ba, ya koma aikin rushe gini da leburanci, ya yi digiri a falsafa, alhali a Afirka ta Kudu faifansa yana gida-gida bai sani ba, sai a 1998 ya je ya tarar da dubban mutane sun haddace waƙoƙinsa. Wannan ya isa ya nuna wa abokanka cewa "duniya ba ta ji shi ba" sau da yawa yana nufin kasuwa ɗaya ce, a gari ɗaya, a shekara ɗaya, ba ta ji shi ba.

To yaya za ka saurari naka marubucin? Abu na farko da nake yi shi ne in nemi waƙar tsirara, murya da kayan kiɗa ɗaya. Waƙar da ta dogara da kwalliyar sutudiyo takan zube a nan, na ga hakan sau ba adadi, kuma ni ne mai yin kwalliyar. Ga Van Zandt, wannan gwajin yana cikin kundin da aka ɗauka kai tsaye a wani ɗan ƙaramin gidan waƙa mai suna Old Quarter a Houston, a watan Yulin 1973, wanda bai fito ba sai 1977. Ɗakin da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗari da ɗoriya, ana tsananin zafi, har za ka ji shi yana ba jama'a haƙuri saboda an kashe na'urar sanyaya ɗaki. Kana jin ƙarar kwalabe da motsin kujeru. Da ya shiga baitin farko sai ɗakin ya mutu. Mai aikin sauti ya san shiru iri-iri ne, akwai na ladabi, akwai na gajiya, akwai kuma na mutanen da suka manta abin da ke hannunsu. Na ukun ne a faifan nan, kuma ba a iya ƙirƙirar sa da na'ura. Haka kuma a fim ɗin Heartworn Highways, da aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1970, akwai wurin da yake rera wata waƙa a ɗakin girki, wani dattijo maƙeri maƙwabcinsa yana zaune a bayansa. Dattijon yana gyaɗa kai, can sai hawaye ya fara zubo masa.

Bayan haka, ka rubuta baitocin da hannunka a takarda. Za ka yi mamakin abin da hannu ke kamawa wanda kunne ya tsallake: kalmar da aka sa don cike gurbin amsa-amo kawai, ko akasin haka, wurin da ya karya amsa-amon da gangan don kalmar gaskiya ba ta dace da shi ba. Ka tambayi kowane ɗango me zai faru in an cire shi. A waƙar mai fasaha, cire ɗaya sai ginin ya karkace. Ka kuma saurari kundi gaba ɗaya a jerin da ya tsara, sau uku aƙalla, a ranaku daban, domin irin waɗannan waƙoƙi ba a gina su don su kama ka a daƙiƙa 30 ba. Kuma ka yarda cewa yana da waƙoƙin da ba su kai ba. Van Zandt yana da su, kowa yana da su. Yabon da ba ya iya nuna rauni ba ya da nauyi a kunnen wanda kake son jawowa.

Da abokanka kuwa, kada ka fara da labarin wahalarsa ko yadda duniya ta zalunce shi, wannan yana sa mutum ya saurara da tausayi, ko ya ƙi saurara don gardama. Zaɓi waƙa ɗaya, ka kunna, ka yi shiru. In ba ta kama su ba ka ƙyale su, ba kowace waƙa ce ta kowa ba.

Idan marubucin naka yana raye, akwai abin da ya fi muhawara amfani. Sayi aikinsa ta hanyar da kuɗin zai isa hannunsa. A Bandcamp, dandalin sayar da waƙa a intanet, misali, kason da dandalin ke cira daga cinikin waƙa kashi 15 cikin ɗari ne, mafi yawan saura na mai waƙa, kuma sayen kundi ɗaya ya fi masa sauraro ɗaruruwa a manhaja. Je wurin da yake wasa ko da mutum ashirin ne a ɗakin. Ka rubuta masa, ka ambaci baitin da ya taɓa ka da dalilin, domin marubuci ya fi gane an ji shi idan aka nuna masa ɗangon da ya sha wahala a kai.

Kada ka raina tasirin wannan saƙo. Vashti Bunyan ta rubuta waƙoƙin kundinta na 1970 ne a kan hanya, tana tafiya da doki da amalanke daga kudancin Ingila zuwa tsibiran arewacin Sukotilan. Kundin bai sayu ba, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba, ta ajiye jita kusan shekara 30, ta yi renon 'ya'yanta, ba ta ma son a tuna mata da shi. A ƙarshen shekarun 1990 ta rubuta sunanta a intanet, ta tarar da baƙin da ba ta sani ba suna neman faifan ido rufe, suna tattauna waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. An sake buga shi a 2000. A 2005, tana da shekara 60, ta fitar da kundi na biyu, shekara 35 bayan na farko. Na ukun ya fito a 2014, kuma mafi yawansa ita ta ɗauke shi da kanta a gida, a hankali, har sai da kowace waƙa ta yi mata yadda take jin ta a ranta.